Pampo a Yamai, lissafi a girgije: wa ke riƙe da makullin?

A ce da asubar fari uwar gida ta murɗa pampo za ta ɗora tukunya, sai iska kawai ke fita. Ba ɗauke ruwa aka yi a unguwa ba, don na maƙwabta yana zuba. Kuɗin da ke cikin mitarta ne suka ƙare. Ta ɗauki salula, ta tura dala ɗari, wato sefa 500, daga asusunta na waya, ta koma kan shara. Kafin ta gama tsakar gida pampo ya yi tari, ruwa ya dawo. Babu ma'aikacin da ya zo da babur, babu layi a gaban akawu, babu faktir na ƙarshen wata.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Tun a shekarar 2016 aka fara gwada irin wannan mita a wasu gidaje na Yamai, lokacin da wani ƙaramin kamfanin Faransa mai suna CityTaps ya haɗa gwiwa da SEEN, kamfanin da ke raba ruwan sha a biranen Nijar a wancan zamani, da tallafin ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA. Mutane sun ga mitar, sun ga wayar. Abin da ba su gani ba shi ne na ukunsu, wanda shi ne ya karɓi labarin kuɗin, ya yi lissafi, ya ce wa mita ta buɗe. Wannan na ukun shi ake kira girgije.

Girgijen da ba ya zubar da ruwa

Sunan yana ruɗar mutane. Wani sai ya ɗauka bayanansa suna yawo a sararin samaniya. A'a, a ƙasa suke daram. Girgije dai wasu manya-manyan gine-gine ne cike da dubban kwamfutoci da aka jera cikin kantoci, ana ba su kuran da sanyi dare da rana. Mai buƙata ba ya sayen kwamfutar, haya yake kamawa ta intanet, ya biya daidai abin da ya yi amfani da shi. Kamar ɗan kasuwar da bai gina sito ba, ya kama haya a sito na wani: in kaka ta yi kyau ya ƙara ɗaki, in kaya sun ragu ya mayar.

Kamfanin Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa a yadda muka san ta yau, a 2006, da reshensa na AWS. Daga baya Microsoft ya shigo da Azure, Google ma ya kawo nasa, a Sin kuma akwai Alibaba da Huawei.

Su kuwa na'urori masu magana da juna sun ma riga girgijen haihuwa. A farkon shekarun 1980 wasu ɗaliban jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, da suka gaji da taka ƙafa zuwa injin sayar da lemo su tarar babu, suka jona shi da kwamfuta don su san ko akwai kwalba mai sanyi kafin su tashi. A 1999 wani Bature ɗan Ingila, Kevin Ashton, ya raɗa wa abin sunan da ya bi shi har yau: intanet na kayayyaki. Ma'ana, ba mutane kaɗai ke hawa intanet ba, har da mita, da firji, da mota, da injin ban ruwa. Yau irin waɗannan kaya sun zarce yawan mutanen duniya.

Me ya sa mita ba ta iya ita kaɗai?

Tambaya ce mai kyau. In har mitar tana da wayo, me take nema wajen wata kwamfuta a wata uwa duniya?

Amsar tana cikin batir da farashi. Mitar da za a girka a gidan talaka dole ta yi araha, kuma batirinta ya yi shekaru ba a canza ba. Don haka ƙwaƙwalwarta ƴar mitsitsiya ce. Aikinta uku ne kawai: ta auna ruwan da ya wuce, ta aika rahoto, ta buɗe ko ta rufe bakin bututu. Galibin lokaci ma barci take yi don kada cajin ya zube.

Rahoton kansa bai kai rabin gajeren saƙon salula ba. Mitocin Yamai sun yi amfani da wata fasahar rediyo mai suna LoRa, wadda aka ƙirƙira a birnin Grenoble na Faransa kafin kamfanin Semtech na Amurka ya saye ta a 2012. Ba ta ɗaukar hoto ko murya, amma tana kai ɗan ƙaramin saƙo nisan kilomitoci da wuta kaɗan. Eriya ɗaya a saman dogon gini ko tankin ruwa tana iya sauraron mitoci masu ɗimbin yawa, ta tattara saƙonninsu ta miƙa su ga intanet. Wasu na'urorin kuma layin salula ake saka musu kai tsaye.

Akwai kuma yaren da na'urori da dama ke magana da shi, MQTT. Injiniyoyi biyu, Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper, suka tsara shi a 1999 don sa ido kan bututun man fetur ta tauraron ɗan adam, a lokacin da kowane harafi kuɗi ne. Shi ya sa ba shi da surutu, kuma yana jure rezo mai zuwa yana tafiya. Abin da aka yi wa bututun daji ya zo ya dace da irin rezonmu.

Aikin da girgije ke yi a ɓoye

Da saƙo ya iso, abu na farko shi ne tantancewa. Kowace na'ura tana da shaidarta ta sirri, kamar katin ɗan ƙasa. Girgije yana duba cewa lallai mitar gidan wane ce ke magana, ba wani ɗan damfara ba da ke son buɗe ruwa kyauta ko rufe na abokin gabarsa.

Sai ajiya. Mu yi ɗan lissafi na misali: a ce birni yana da mita 100,000, kowace tana magana sau ɗaya a awa. A yini guda saƙo miliyan 2 da dubu 400 ke nan. A shekara, miliyan 876. Kwamfutar ofis guda ba za ta ɗauki wannan ba, balle a ce kuran ya ɗauke ko ƙurar hunturu ta shaƙe ta. A girgije kuwa ana ajiye kwafin bayani a gine-gine fiye da ɗaya, in wannan ya faɗi wancan ya ɗauka.

Sannan lissafi. Kuɗin ruwa ba farashi ɗaya ba ne: mai shan kaɗan yana cikin rukuni mai rangwame, mai sha da yawa farashinsa ya hau. Girgije ne ke karɓar sanarwar biya daga kamfanin waya, ya haɗa ta da ruwan da gidan ya sha, ya fitar da abin da ya rage, ya tura wa mai gida gargaɗi in kuɗin sun kusa ƙarewa. In akwai tsohon bashi, ana iya yankar ɗan kaɗan daga kowane biya maimakon a yanke ruwan gaba ɗaya. Ga wanda cinikinsa na yini-yini ne, mai tura baro ko mai sayar da ƙosai, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Neman jika biyu a yau da jika biyu jibi ya fi neman jika goma sha biyar a rana ɗaya.

Abin da ya fi burge injiniyoyi shi ne hangen da girgije ke yi saboda yana ganin kowa a lokaci guda. Da ƙarfe uku na dare, lokacin da gari ke barci, mitar gida ya kamata ta tsaya cik. In tana ta juyawa kowane dare, to akwai yoyo. Yoyon lita ɗaya a minti shi ne lita 1,440 a yini, kusan bido 58 masu cin lita 25. A wata guda sama da lita 43,000 sun bi ƙasa, mai gida bai sani ba sai ya ga faktir ya dafe kai. Haka nan in aka kwatanta ruwan da ya shiga unguwa da jimlar abin da mitocin gidaje suka nuna, giɓin da ke tsakani yana tona asirin bututun da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa ko wanda aka yi wa haɗin sata.

Na ƙarshe shi ne gyara daga nesa. In an gano kuskure a manhajar mita, ba sai an bi gida-gida da sukudireba ba. Daga girgije ake tura sabuwar manhaja ga dukkansu.

Ba ruwa kaɗai ba

Tsarin guda ne ya haifar da kasuwar sola ta biya-kaɗan-kaɗan. Kamfanin M-KOPA da aka kafa a Nairobi a 2011 ya saka layin salula cikin akwatin sola. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, ya riƙa biya kullum ta waya. In ya biya fitila ta kama, in ya tsaya akwatin ya kulle kansa, in ya gama biya kayan sun zama nasa har abada. Ba don ana iya kulle akwatin daga nesa ba, ba wanda zai ba mutumin ƙauye bashi ba tare da jingina ba. Makullin shi ne jinginar.

A nan gida ma ba a bar mu a baya ba. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar, ya ƙirƙiro tsarin ban ruwa daga nesa, inda manomi ke kunna injin lambunsa mai aiki da hasken rana ta wayar salula, ko da yana kasuwa. Aikin ya kai shi ga lashe babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015, a taron ruwa na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu. Haka ma na'urorin bin sawun motoci da babura, da ma'aunan zafi da ake sa wa firjin allurar rigakafi don su yi ƙara a wayar jami'i in sanyi ya ragu, duk dangi ɗaya ne.

Ranar da girgije ya yi batan dabo

To amma kowane allazi da nasa amanu. A ranar 20 ga Oktoba 2025 wata matsala ta taso a cibiyoyin AWS da ke jihar Virginia ta Amurka, ta ɗauki sa'o'i da dama. Manhajoji da yawa sun tsaya a duniya, amma labarin da ya fi ba mutane dariya shi ne na gadajen wani kamfani mai suna Eight Sleep. Gado ne mai tsadar gaske, mai ɗumama kansa da ɗaga kai. Da girgije ya yi shiru, wasu gadajen suka maƙale a tsaye, wasu suka yi ta zafi, masu su ba su da yadda za su yi. Sai da shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, daga baya aka ƙara hanyar sarrafa gadon ba tare da intanet ba.

Gado abin dariya ne. Amma sa pampo a madadinsa, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, uwar gida ta biya kuɗinta amma umarnin buɗewa bai iso ba. Dariya ta ƙare.

Mu kuma namu haɗarin ya ninka, domin hanyar da ke tsakaninmu da girgije doguwa ce. Manyan kamfanonin sun makara wajen zuwa Afirka: Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, AWS a birnin Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Ga mazaunin Yamai ko Maraɗi, sau da yawa Turai ta fi kusa ta hanyar waya. Nijar ba ta da teku, don haka saƙon yakan bi zaren gilashi ta ƙasashe maƙwabta zuwa gaɓa, ya nutse ƙarƙashin teku, ya ɓullo a Turai, sannan amsa ta biyo sawu. Mitar da ke Talladje tana iya aika tambaya dubban kilomitoci don a buɗe bututun da ke jikinta.

Kowa ya ɗanɗana abin da hakan ke nufi a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, har da Nijar, kuma gyaran ya ci makonni. Ga kuma darasin kuran: a Agustan 2023, da Najeriya ta katse layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar, an ga yadda abin da ke hannun wani ke iya tsayawa dare ɗaya. Eriya ba ta aiki da addu'a, sai da wuta.

Shi ya sa masu tsara irin waɗannan na'urori suka koma raba aiki gida biyu. Hukuncin gaggawa a bar shi kusa, a cikin na'urar ko a eriyar unguwa. Lissafi mai nauyi da ajiya mai tsawo su tafi girgije. Mita mai kyau ita ce wadda ta san sauran kuɗinta da kanta, ta ci gaba da aiki ko rezo ya yi kwana uku a kwance, in ya dawo ta ba da labarin abin da ya wuce.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Haɗari na biyu ɓarayin intanet ne. A ranar 21 ga Oktoba 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i a Amurka. Ba da wasu manyan kwamfutoci ta kai harin ba. Kyamarorin tsaro ne da akwatunan intanet na gidajen mutane ta mayar sojojinta. Dabarar ba ta da wuya: tana yawo tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sa wa kaya tun daga kwali, irin su 12345. Duk wanda bai canza nasa ba, ta shige.

Yanzu duba yawan kyamarori masu araha da ake girkawa a shaguna da gidaje a garuruwanmu, mai girkawa ya tafi ya bar kalmar sirrin da ta zo da kaya. Mai gida yana murna yana kallon ƙofarsa daga Kwatano, bai san wani ma yana iya kallon tsakar gidansa ba.

Makulli a hannun wa?

A 2022 sojojin Rasha sun kwashe taraktoci da injinan girbi na John Deere, da kuɗinsu ya kai kusan dalar Amurka miliyan 5, daga wani dillali a garin Melitopol na Yukiren, aka kai wasu har Checheniya. Da aka zo tayarwa suka ƙi tashi, an kulle su daga nesa. Mutane da yawa sun tafa, ɓarawo ya yi asara. Amma manoma masu tunani sun yi tsaki a ciki: wanda ya iya kashe taraktar ɓarawo daga nesa, ai ya iya kashe tawa.

Wani lokacin ma ba mugunta ba ce, ciniki ne ya ƙare. A 2016 kamfanin Nest, na rukunin Google, ya rufe hidimar wata na'urar sarrafa gida mai suna Revolv. Na'urar da aka saya kusan dalar Amurka 300 ta zama kwalin banza, alhali ba abin da ya lalace a jikinta. A Agustan 2023 shi kansa Google ya rufe sashensa na IoT Core, kamfanonin da suka dogara da shi suka kwashi kayansu suka nemi wani masauki. Mita ana sa ta ne don shekara goma ko fiye. Kamfanin da ke bayanta fa, zai kai? A Nijar kanta, cikin shekarun da suka biyo bayan gwajin Yamai, Orange ya sayar da reshensa a 2019 ya koma Zamani, sannan a 2024 gwamnati ta karɓe harkar ruwan birane daga SEEN ta damƙa wa sabon kamfanin ƙasa, NDE. Hannuwa suna canzawa, bututu yana nan inda yake.

Sai batun sirri. Bayanin mita ba lambobi ba ne kawai. Yana faɗin lokacin da gida ke tashi, da ranar da aka yi baƙi, da makon da aka yi tafiya aka bar gidan ba kowa, da watan da aljihu ya bushe. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da wannan. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da bayanan mutane, wadda aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a 2023. Amma doka tana da tsawon hannu ne gwargwadon iyakar ƙasa. In bayanin yana kwance a wata nahiya, dokar can ma tana da ta cewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa aikin zaren gilashi na ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ke tallafawa, ya ƙunshi gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Sai dai gini kaɗai ba ya isa. Yana son kuran da ba ya ƙiftawa, da sanyi a ƙasa mai zafi, da matasan injiniyoyi da za a biya su abin da zai hana su tafiya.

Kafin a sa hannu

Duk wannan ba yana nufin a guji na'urorin ba ne. Wanda ya taɓa sayen ruwa bido-bido wajen ƴan garuwa ya san ya fi mai pampo a gida biya, kuma ya san darajar tsarin da zai bar shi ya biya daidai ƙarfinsa. Amma ko magajin gari ne zai sa hannu kan kwangilar mitoci, ko shugaban ƙungiyar manoma ne zai sayi injin ban ruwa, ko mai shago ne zai girka kyamara, akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa mai tallar kafin a ƙirga masa kuɗi.

In rezo ya ɗauke, kayan za su ci gaba da aiki, kuma kwana nawa? Akwai hanyar buɗewa da hannu in abu ya ɓaci, kuma wa ke da izinin yin haka? A wace ƙasa ake ajiye bayanan, su wa ke iya gani? In kamfanin ya rufe ko aka raba gari, za a iya kwashe bayanan a koma wajen wani, ko kayan sun mutu ke nan? Shekara nawa za a yi ana sabunta manhajar? Kuma bayan kuɗin saye, akwai kuɗin wata-wata da ba a faɗa ba?

Mai kaya na gari ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, zai ma rubuta amsarsu a takarda. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ya riga ya ba da amsa. Ita dai uwar gidan da ta tashi da asuba ba ruwanta da Virginia ko igiyar ƙarƙashin teku. Ta biya dala ɗarinta, tukunya tana kan murhu, yara za su tafi lakwal. Abin da take jira shi ne ruwa ya zo.